Tsohuwar motar gazuwal: aikin da mai ita zai yi a gida, da wanda zai bar wa garaji

A tashoshin Maraɗi, Damagaram da Tawa, motocin a-kori-kura masu shan gazuwal ne ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirgar kasuwannin ƙauye. Su ke kai hatsi Dakwaro da Tanut, su kwaso albasa daga gonakin Galmi zuwa bakin kwalta, su ɗauko awaki da fasinja daga inda babbar mota ba ta shiga. Da yawansu sun haura shekara 25 suna aiki. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka riƙa zagayowa ta Lome, kayan gyara sun ƙara tsada, kuma motar da ta kwana uku a garaji gida guda ne ya kwana uku babu cefane.

Abin da ke kashe waɗannan motoci a ƙasar nan sananne ne: ƙura a cikin iska, ruwa da datti a cikin gazuwal, da kuma zafin inji. Duk ukun mai mota na iya tare su a ƙofar gidansa, da ƴan sufanu da tsumma da littafin rubutu.

Yadda injin yake aiki

Galibin motocin Toyota ne. Hilux na da injin 2L mai lita 2.4, ko 3L mai lita 2.8, ko 5L mai lita 3, dukkansu silinda huɗu. Land Cruiser 75 da 79 kuwa sun fi zuwa da injin 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Babu kwamfutar da ke sarrafa mai a cikin tsofaffin nan, shi ya sa makaniken kowane gari ya san cikinsu.

Injin gazuwal ba ya kunna mai da tartsatsin wuta kamar na esansi. Fistan ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya wuce digiri 500, sannan injekta ta fesa gazuwal a ciki ya kama da kansa. Saboda haka injin na buƙatar iska mai yawa mai tsabta, da mai marar gauraye, da silinda da ba ta zubar da matsi. Kowane aikin gida da za a ambata a ƙasa, ɗaya daga cikin waɗannan yake karewa.

Ƙura

Ƙurar da ta wuce filta ba ta ƙonewa. Tana haɗuwa da baƙin mai ta riƙa cin zobban fistan da bangon silinda kamar ana goga su da yashi. Matsi ya ragu, mota ta fara wuyar tashi da safe, ta fara shan baƙin mai, daga nan sai sauke inji.

A lokacin hunturu, ko ga motar da ke bin jan hanya kullum, ya kamata a buɗe gidan filtar iska kowane mako. Ana hura ta da iska daga ciki zuwa waje, ba da ƙarfi sosai ba. Buga ta a jikin taya, kamar yadda yaran mota suka saba, yana yaga takardar ko ya lanƙwasa bakinta. Bayan hurawa sai a sa tocila a ciki a duba: in haske ya fito ta wata ƴar kafa, filtar ta gama aiki. A duba robar bakinta, a duba kuma bututun robar da ya tashi daga gidan filta zuwa inji, domin tsaga ɗaya a jikinsa na shigar da ƙura ko da filtar sabuwa ce. Alamar da ba ta ƙarya ita ce a shafa yatsa cikin wannan bututu. In ya fito da garin ƙura, akwai inda take shiga. Land Cruiser na da ƙaramin kofi a ƙasan gidan filta inda ƙura mai nauyi ke taruwa, shi ma a riƙa zubar da shi.

Baƙin mai kuma a juye shi duk kilomita 5,000, ƙasa da haka in hanyar ƙura ce zalla, a canja filtarsa tare. Man 15W-40 na injin gazuwal shi ya dace da zafin ƙasar nan. Man gazuwal na yin baƙi da wuri, wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne a gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara, alamar ruwa ya shiga, ko a ga yana ƙaruwa a sandar awo yana warin gazuwal. Tsohon man da aka juye kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin magudanar ruwa.

Gazuwal

Pompin gazuwal shi ne ƙarfe mafi tsada a jikin injin, kuma gazuwal ɗin da ke ratsa shi ne kaɗai ke shafa masa mai. Ƙarafan cikinsa an sassaƙa su daidai da juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. Ruwa ya shiga, tsatsa ta kama su. Kananzir ko esansi da wasu ke gaurayawa don riba ba su da santsin gazuwal, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ke tace gazuwal a cikin ƙasa, amma direban da ke nesa da gidan mai dole wata rana ya saya a jarka ko a tano a bakin hanya. A nan ne ruwa da tsatsa da yashi suka fi shiga. In ya zama dole, a bar man ya kwanta na wasu awoyi, a tace shi da tsabtataccen ƙyalle marar zare-zare, kuma a bar na ƙasan jarkar, domin ruwa ya fi gazuwal nauyi, ƙasa yake sauka.

Wannan nauyi ne ma ya sa aka yi wa filtar gazuwal wurin tara ruwa a gindinta, da ɗan murfin da ake kwancewa da hannu. Sau ɗaya a mako a tara kwalba mai haske, a kwance murfin, a danna ɗan pompin hannu da ke saman filtar har ruwan ya ƙare gazuwal zalla ya fara fita, sannan a ɗaure. Akwai fitilar da ke kamawa a gaban direba in ruwan ya taru, amma a tsofaffin motoci sau da yawa wayarta ta daɗe da tsinkewa, don haka ba a jiran ta. A lokacin sanyi gara tanki ya kwana a cike, saboda raɓa na taruwa a bangon tankin da ba shi da mai.

In mai ya ƙare a hanya, ko an canja filta, iska na shiga layin, mota ta ƙi tashi. Maganinta a danna pompin hannun nan har ya yi tauri. In ya ƙi yin tauri, ko mota na tashi ta mutu kowace safiya, to wani tiyo ya tsage yana shan iska, ko robar pompin hannun ta mutu. Akwai kuma waya ɗaya tak da ke zuwa jikin pompin gazuwal, ita ke buɗe wa mai hanya in an murɗa makulli. In ta saki, inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba. An sha jan mota zuwa gari saboda wannan ƴar waya.

Zafi

A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram, kuma a lokacin ne mota mai lodi ke hawa tudun yashi da ƙaramin giya. Injinan 2L da 3L ba su yafe tafasa. Sau ɗaya ko biyu ya isa kan inji, wanda makanikai ke kira kulas, ya tsage ko ya lanƙwashe.

Ruwan rijiya na ɗauke da gishiri da farar ƙasa da ke daskarewa cikin ƙananan bututun radiyato, kamar yadda ake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na kanti, ko a haɗa shi da ruwan batir. In babu, tataccen ruwan sama ya fi na rijiya. Bayan damina, ƙarangiya da ƙaiƙayin ciyawa na toshe fuskar radiyato. Ana wanke su da ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje. Murfin radiyato ma ba ado ba ne, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kuma in robarsa ta mutu sabo ba shi da tsada. Tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi a canja shi tun a gida.

Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu zafi gare ta ba ta warkar da komai. In mota na zafi, dalilin yana wani wuri: radiyato ya toshe, fanka ba ta ja, ko bel ya saki. A injuna da yawa ma, cire shi na barin wata gajeriyar hanya a buɗe, ruwa ya riƙa zagayawa cikin inji ba tare da ya ratsa radiyato ba. In allurar zafi ta hau a hanya, a tsaya nan take. Ba a buɗe murfi da zafi, ba a kuma kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa sai ya huce.

Bel mai haƙora

A gaban injin, cikin murfi, akwai bel mai haƙora da ke daidaita motsin bawul da na fistan. Ba ya ƙara kafin ya tsinke, kuma in ya tsinke inji na gudu, fistan na dukan bawul. A yawancin tsofaffin nan ana canja shi a kilomita 100,000, tare da tayoyin da ke ja masa. Fitilar T-BELT lissafin kilomita kawai take bi, ba ta ganin bel ɗin. Motar da agogon kilomitarta ya tsaya, ko aka saye ta hannu na biyu ba a san tarihinta ba, a canja mata bel tun farko a fara lissafi daga nan. Amfanin littafi ke nan: ranar kowane juye, kowace filta, kowane bel, a rubuta.

Ga masu Hilux akwai ƙarin abin lura. Pompin da ke sauƙaƙa taka birki yana manne a bayan altanato. In bel ɗin altanato ya tsinke, ba cajin batir kaɗai aka rasa ba, birki zai yi tauri bayan taku kaɗan.

Ƙasan mota

Hanyar gargada na kwance noti. Kowane wata a bi ƙusoshin da suka ɗaure sifirin da aksali, a duba ko wani falle ya karye, a ɗura giris a mahaɗan sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Motar da ta ratsa ƙorama da damina a duba man aksalinta, in ya yi fari a juye. Lodin da ya wuce kima kuwa, sifirin da birki da taya ne ke biyan kuɗinsa. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai, balle a kan yashi: a shimfiɗa katako, a tokare motar da abu mai ƙarfi, a sa wa tayoyi waigi.

Inda aikin gida ya tsaya

Hayaƙi na nuna inda matsala take. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, a fara da duba filtar iska. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Fari da sanyin safiya da ke ɓacewa bayan ƴan mintoci yawanci bujin ɗumama silinda ne suka mutu, kuma canja su aikin gida ne. Farin da ba ya ɗaukewa, ga ruwa na raguwa, ga kumfa a radiyato, wannan maganar kulas ce, ta garaji.

Pompin gazuwal da injekta ma ba a buɗe su a tsakar gida. Daidaita su na buƙatar injin gwaji da wuri marar ƙura. Feshin injekta na fita da matsin da ya wuce bar 100, yana iya huda fata ya shiga jiki, don haka ba a tara masa hannu. Murɗa ƙusar ƙara mai don mota ta yi ƙarfi, baƙin hayaƙi da ƙarin zafi kawai yake kawowa, garin neman gira a rasa ido. Haka ma kanga tsumman esansi a bakin iska don tada mota da sanyi: esansin na iya fashewa tun kafin lokaci ya karya zobban fistan. Motar da ba ta tashi sai da wannan dabara, ko buji ne, ko batir, ko matsi ya tafi, kuma makanike na da ma'aunin da zai faɗa cikin ƙasa da awa guda.

Wajen sayen kaya, filtar jabu ta fi kowane abu cutarwa, domin daga waje ba ta da bambanci da ta gaske. A duba nauyinta, da yawan ninkin takardarta, da ingancin robar bakinta, a kuma riƙe mai shago ɗaya da zai karɓi kayansa in sun ba da matsala. Direban da zai yi nisa, irin hanyar Tawa zuwa Agadas ko Damagaram zuwa Diffa, ya tafi da filtar gazuwal guda, bel ɗin fanka, tiyon radiyato, baƙin mai da jarkar ruwa.