Mai zanen tsirrai da ta yi wa tumaki wasiyya: Beatrix Potter da muhawarar kiwo a tsaunukan Ingila

A ranar 22 ga Disamban 1943 wata dattijuwa mai shekara 77 ta rasu a ƙauyen Near Sawrey da ke arewa maso yammacin Ingila. Maƙwabta sun san ta da Misis Heelis, manomiya mai yawo da takalman katako da tufafin ulu masu kauri, wadda ba a yi mata wayo a cinikin tumaki. Sauran duniya kuwa ta san ta da Beatrix Potter, wadda ta rubuta kuma ta zana labarin zomon nan Peter Rabbit. Da aka buɗe wasiyyarta, sai aka tarar ta bar wa ƙungiyar adana kayan tarihi da filaye ta National Trust ƙasa fiye da eka 4,000 da gonaki sama da goma, tare da sharaɗin a ci gaba da kiwon tumakin yankin, waɗanda ake kira Herdwick.

Shekara tamanin bayan haka, wannan sharaɗi yana tsakiyar wata muhawara da ta raba kan masu kare muhalli da makiyayan Ingila. Abin da ke ɗaure kai a ciki shi ne, matar da ta yi ƙuruciyarta tana zanen tsirran dawa, ita ce ta ɗaure ƙasarta da dabbar da ake zargi da cinye su.

Daga laimar kwaɗi zuwa zomo

An haifi Potter a Landan a 1866, a gidan masu hali da suka tara dukiya daga masana'antar auduga. Ba a kai ta makaranta ba, a gida aka koyar da ita, kuma abokan wasanta su ne zomaye da ɓeraye da bushiya da ita da ƙanenta ke ajiyewa a ɗaki suna zanawa. Duk bazara iyayenta kan kama hayar gida a karkara, da farko a Sikotland, daga 1882 kuma a yankin tafkuna na Lake District. A can ta haɗu da wani limamin coci mai suna Hardwicke Rawnsley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa National Trust a 1895.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta a dawa shi ne laimar kwaɗi da danginta, tsiron da yawancin mutane ke takawa su wuce. Wani ma'aikacin gidan waya a Sikotland, Charles McIntosh, wanda ya koya wa kansa ilimin tsirrai, shi ya nuna mata cewa zane ba ya amfanar masani sai ya nuna ƙarƙashin laimar da yadda gindinta ya kama ƙasa. Ta yi zane fiye da 300 da fentin ruwa, ta kuma yi ta gwada tsirar da ƙwayoyin irin, masu kama da ƙura, tana dubawa da madubin ƙara girman abu. A watan Afrilun 1897 aka gabatar da maƙalarta a gaban ƙungiyar masana halittu ta Linnean Society, amma wani namiji ne ya gabatar a madadinta, domin a lokacin mata ba sa halartar zaman. Ba a taɓa buga maƙalar ba. Sai a 1997 ƙungiyar ta nemi afuwa. Zane-zanen kuwa suna gidan tarihi na Armitt da ke garin Ambleside, kuma ingancinsu ya kai har masana na iya gane nau'in kowane tsiro daga cikinsu.

Da ƙofar kimiyya ta rufe, sai ta ɗab'i ta buɗe. Bayan kamfanoni sun ƙi labarin zomon, ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901, a shekara mai zuwa kuma kamfanin Frederick Warne ya karɓa. Ta kasance mai idon kasuwa: tun 1903 ta yi rajistar mallakar 'yartsanar zomon. Wannan ne ya ba ta abin da mace irinta ba ta cika samu ba a zamanin, wato kuɗin da ba na uba ba, ba na miji ba.

Gonar Hill Top

A 1905, watanni kaɗan bayan rasuwar Norman Warne, editanta da suka yi alkawarin aure, ta kammala sayen wata gona mai eka 34 mai suna Hill Top. Ba ta kori manomin da ta tarar ba, John Cannon. Ta ƙara wa gidan sashe domin iyalinsa, shi ya ci gaba da noma, ita kuma ta zama ɗaliba. Lambun da ta dasa bai bi tsarin lambunan attajirai ba. Furanni da kayan miya da ganyayen magani duk a gauraye suke, yawancinsu kyautar maƙwabta. Abin da ke tsirowa a bakin katanga da gefen hanya ya shiga littattafanta kai tsaye, har mai karanta labarin agwagwa Jemima na 1908 zai iya tsayawa a farfajiyar gonar ya gane wurin. A wani ƙaramin tafki da ke saman ƙauyen ta shuka bado, ita da mijinta kan je can da yamma, shi yana kamun kifi, ita tana zane.

Mijin shi ne William Heelis, lauyan karkara da ke taimaka mata wajen cinikin filaye, wanda ta aura a 1913 tana da shekara 47. Daga nan littattafai suka fara ja baya, idanunta suka fara rauni, gona ta cinye lokacinta. A 1923 ta sayi Troutbeck Park, babbar gonar kiwo a kan tsauni wadda cuta ta lalata garkenta, ta ɗauko makiyayi Tom Storey suka farfaɗo da ita. Tumakinta suka riƙa lashe kyaututtuka a bajekolin dabbobi, har a 1943 ƙungiyar masu kiwon Herdwick ta zaɓe ta shugaba, mace ta farko, ko da yake ta rasu kafin ta kama aiki.

Me ya sa sai wannan tunkiya?

Herdwick ba tunkiyar riba ba ce. Ba ta saurin girma, gashinta mai kaushi ne da ba ya daraja a kasuwa, kuma galibi ɗa guda take haifa. Amma tana jure sanyi da ƙanƙara a inda wasu ba za su kwana ba, tana kuma da wata ɗabi'a da dukkan tsarin kiwon yankin ya dogara a kai. Yawancin tsaunukan hurumi ne na gama-gari, babu shinge, gonaki da dama na da haƙƙin kiwo a kan tsauni guda. Abin da ke hana garkuna cakuɗewa shi ne kowace tunkiya ta san yankinta, ta koya daga uwarta, ita ma za ta koya wa 'yarta. Idan aka sayar da garke baki ɗaya, wannan sani ya tafi, kuma maido shi na cin shekaru. Shi ya sa a al'adar wurin wani kaso na garken mallakin gonar ne: ɗan haya yakan karɓe shi idan ya shigo, ya mayar da kwatankwacinsa idan zai fita.

Potter ta fahimci cewa kyawun da baƙi ke zuwa kallo, da katangun duwatsu da aka jera ba siminti, da filayen ciyawa masu furanni, duk aikin hannun ƙananan manoma ne. Barazanar da ta gani ita ce ta masu kuɗin birni da ke sayen gonaki su yanka su fuloti-fuloti, da masu dasa itatuwan katako a kan makiyaya. Maganinta shi ne ta riga su saye. A 1927 ta sayar wa Amurkawa zane 50 na zomonta domin a ceci wani fili a bakin tafkin Windermere. A 1930 ta sayi makeken filin Monk Coniston, ta sayar wa National Trust rabi a kan farashin da ta saya, ta yi alkawarin ragowar bayan ranta. A taƙaice, waƙafi ta yi, kuma dokar Birtaniya ta ba ƙungiyar ikon ayyana fili a matsayin wanda ba za a taɓa sayarwa ba.

Bai kamata a mai da ita waliyyiya ba. Mai ra'ayin riƙau ce, mai tsanani ga ma'aikata, kuma da kuɗin Landan ita ma ta shigo ƙauyen. Bambancinta da sauran shi ne ta bar manoman a kan ƙasar.

Inda rigimar take a yau

An ayyana Lake District a matsayin gandun ƙasa a 1951, sannan a 2017 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, tana mai kafa hujja musamman da al'adar kiwon. Masu suka, waɗanda fitaccen cikinsu shi ne marubuci George Monbiot, na cewa an karrama ɓarna ne. Hujjarsu ita ce tunkiya na zaɓen abin da take ci, tana fara wa da furanni da 'ya'yan itatuwa masu tasowa, ta bar ciyawa mai tauri. Tsaunin da ya kamata ya kasance da kurmi da tsirrai iri-iri sai ya zama aske ƙwal, ruwan sama kuma ya gangaro da gudu ya yi ambaliya a garuruwan ƙasa.

Makiyaya, irin su James Rebanks da ya rubuta littafi kan rayuwarsu a 2015, na amsawa da cewa laifin na manufofin gwamnati ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an daɗe ana biyan tallafi bisa yawan kawunan dabbobi, don haka tumaki suka yi wa tsaunukan yawa fiye da na zamanin Potter. Suna kuma nuna cewa wasu furannin filayen ciyawa ba sa rayuwa sai da yanka da kiwo a kan lokaci. Wannan hujja tana da ƙarfi a kwari, amma a saman tsauni ta masu suka ta fi nauyi, domin wuraren da aka killace aka hana tumaki shiga sun nuna yadda tsirrai ke dawowa.

National Trust ce ke tsaka mai wuya, domin ita ce mai gidan haya kuma ita ce mai alkawarin kare halittu. A 2016 ta sayi filin gonar Thorneythwaite da garkenta a kan fam 950,000 amma ta bar gidan gonar, abin da makiyaya suka ɗauka a matsayin raba gona da manomi. Tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kuma, gwamnati ke janye tsohon tallafin da ake biya bisa faɗin fili a Ingila, tana maye gurbinsa da biyan manomi kan abin da ya yi wa muhalli, ciki har da rage dabbobi. Matsalar ita ce idan garke ya ragu ƙwarai, iyakokin da tumakin ke riƙe da su a ka sai su rushe, na maƙwabta su kwararo cikin gurbin, kiwon hurumi ya gagara.

Wasiyyar ta yi bayani filla-filla kan tumaki da kayan ɗakin Hill Top, wanda aka buɗe wa baƙi a 1946, amma an rubuta ta ne kafin a san irin yawan da garkunan za su yi. Tokar gawarta kuwa, Tom Storey ne ya watsa ta a wani wuri a tudun da ke saman gonar, bisa umarninta na kada a faɗa wa kowa wurin.