Murmurewa a Jinyar Masu Shaye-shaye da Sauyin Tsarin Lafiya a Nijeriya

Masana harkar lafiya sun rarrabe tsakanin abubuwa biyu a jinyar mai shaye-shaye. Na farko shi ne raba jiki da ƙwaya, aikin da akan gama cikin 'yan kwanaki ko makonni a gadon asibiti. Na biyu kuwa shi ne murmurewa, watau komawar mutum cikin iyalinsa, da sana'arsa, da mutuncinsa. Wannan yakan ɗauki shekaru, kuma a nan ne yawancin jinya take karyewa, domin wanda aka sallama ya koma ga zaman banza da tsofaffin abokai, da wuya ya daɗe bai koma ruwa ba.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Inda asibiti ya gaza kuwa, iyaye sukan nemi wata mafita. A 2019 'yan sanda sun fitar da fiye da mutum 300 daga wani gidan mari a Kaduna, wasunsu cikin sarƙa.

Alhali kuwa ƙasar nan tana da abin koyi na kanta. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali suke zama a ƙauyuka tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Darasin a fili yake: magani ya fi kama jiki idan ba a yanke majinyaci daga jama'a ba.

Dokoki ma sun sauya. A 2022 aka kafa sabuwar dokar inshorar lafiya, sa'an nan a 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙoƙinsa. Amma doka ba ta bin mutum gida. Lalle ne ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa bibiyar wanda aka sallama, a koya masa sana'a, a kuma fahimtar da iyali cewa sake faɗawa alama ce ta ciwo mai bukatar ƙarin jinya. Ma'aikacin da yake tsara kasafi ya kamata ya auna nasara da yawan waɗanda suka koma aiki da makaranta bayan an sallame su.