Akwatin Baje Ƙasa na Tarakta

Ana jawo hankalin manoma ga wannan akwatin ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan tarakta. Haƙoransa ke farfasa ƙasa mai tauri, bakinsa ya kankare tudu, sa'an nan ya ja ƙasar ya cike kwari. Da shi ake gyara hanyar gona.

Kafin ka saya, auna faɗin tayoyin baya, lalle ne akwatin ya rufe sawunsu. Wanda ya fi ƙarfin taraktarka kuwa hasarar kuɗi ne. Duba kaurin ƙarfen, ka tabbata ana samun haƙoran canji.

Yi aiki lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, ka tuƙa sannu a hankali. Bar tsakiyar hanya da ɗan tudu, domin ruwan da ya kwanta shi ke cinye hanya.