Mai Riƙe da Bakin Sanda

A kan titin zuwa filin jirgin sama, a gefen Sabon Gari, akwai asibitin ido na ECWA, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1943 a ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh. Duk wanda ya bi ta ƙofarsa da sassafe zai ga da wuya mai ciwon ido ya shigo shi kaɗai. Bibbiyu suke zuwa: tsoho da jikarsa, magidanci da matarsa, dattijuwa ta dafa kafaɗar ɗanta. Amma kati ɗaya ake yanka. Ɗayan shi ne zai bi layi, ya biya kuɗi, ya haddace bayanin likita, ya tare adaidaita sahu, su koma gida ba tare da kowa ya tambaye shi ko ya runtsa jiya da dare ba.

Irin waɗannan mutane suna da yawa. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya, kuma shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kano take, ita ta fi kowace yawansu. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu yana da wani a gida wanda rayuwarsa ta sauya tare da tasa, galibi mace: mata, ko 'ya, ko suruka.

Wanda aka haifa ba ya gani ya tashi da dabarunsa, sau da yawa ma ya fi masu ido sanin lungunan unguwarsu. Wahalar ta fi tsanani a gidan da ido ya tafi da girma. A ɗauki dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, mutumin da daga nesa yake rarrabe mai kyau da jabu, yau ga shi ba ya bambance ɗari biyar da dubu. Tun asuba matarsa za ta ajiye masa buta inda ƙafarsa za ta taɓa, ta daidaita masa alƙibla, ta zaɓo masa riga, ta ɗaga masa fatar ido ta ɗiga magani, da yamma ta sake. In zai fita, ga lungunan Fagge matsattsu, ga kwata a buɗe, ga masu kura da 'yan dako da ba su da lokacin jiran kowa. In ta bar shi a gida ta je unguwa, hankalinta na kan murhu da bakin rijiya. Shi kuma baƙin cikin abin da ya rasa dole ya sauka a kan wani, kuma a kan wanda ya fi kusa yake sauka. "Ina kika kai min carbina? Kullum sai an taɓa min kaya!" Ita ce za ta haɗiye. Ga shago ya koma hannun yara, ita ma ɗan ƙullin kayan miyar da take sayarwa ya tsaya, alhali kuɗin magani kowane wata yana nan daram.

Fagge da Sabon Gari titi ne ya raba su, amma kaɗaicin mai jinya ya sha bamban. A Sabon Gari, wadda aka kafa domin baƙi tun farkon mulkin Turawa, iyali da yawa ɗaki ɗaya ko biyu suke haya, danginsu kuwa suna can Kudu. Coci da ƙungiyar 'yan gari ɗaya sukan taimaka da kuɗi, amma babu ƙanwar da za ta karɓi aikin dare. A Fagge dangi sun cika gida, sai dai yawan dangi ba shi ne rabon aiki ba. Za a shigo dubiya, a ce "ya mai jiki?", a ajiye lemo, a yi addu'a a tafi, aikin kuma ya zauna a wuyan mutum ɗaya shekara da shekaru.

Masana sun auna wannan nauyi. Tun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Steven Zarit, ya tsara jerin tambayoyi na gwada gajiyar masu kula da tsofaffin da suka rikice, kuma har yau ana amfani da su a cututtuka iri-iri. Game da makanta, binciken da ya fi kama da halinmu shi ne wanda aka yi a garin Rampur na Indiya aka buga a 2012, inda aka tattauna da mutum 522 masu kula da makafi 'yan'uwansu. A cikin masu kula da waɗanda ke da sauran ɗan gani, kashi 16 cikin ɗari ne aka samu da alamun ciwon damuwa. A cikin masu kula da waɗanda ko hasken fitila ba sa gani, adadin ya kai kashi 48, kusan rabi.

Gajiya daban, ciwon damuwa daban. Mai gajiya in ya samu kwana biyu ya huta, zai dawo daidai. Ciwon damuwa kuwa hutu ba ya kore shi. Likitoci suna zarginsa in mutum ya kai mako biyu kusan kullum ransa a ɓace, ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so, tare da rashin barci ko farkawa tsakar dare, da rashin cin abinci, da mutuwar jiki, da ganin kai ba shi da amfani. A wajenmu da wuya mace ta ce tana cikin damuwa. Abin da za ta ce shi ne kanta yana zafi kamar an ɗora garwashi, gabanta yana faɗuwa, wani abu yana yi mata yawo a jiki. Sai a nufi kemis, a karɓo maganin maleriya da taifot, a sake karɓowa bayan wata guda, ciwon yana nan.

Abin da ke rufe mata baki kuwa magana ce mai kyau. "Sai haƙuri, Hajiya, Aljannarki kike nema." Gaskiya ne, hidimar iyaye da miji ibada ce babba, kuma wannan imani shi ke riƙe da mutane da dama da tuni sun faɗi. Amma a ganina zalunci ne a mai da haƙuri murfin da za a rufe kukan wanda ya gaji. 'Yar da ta ɗaga wa mahaifinta murya sau ɗaya bayan ta kwana uku ba barci, sai ta yi wata tana ganin kanta la'ananniya, ba ta da wanda za ta gaya wa. Haƙuri bai hana neman magani ba, kamar yadda bai hana shi kansa makahon zuwa asibiti ba.

Akwai kuma ɗan jagora, yaro ko yarinyar da ke riƙe da bakin sanda a Wapa ko a ƙofar masallacin Juma'a na Fagge a sa'ar da sa'o'insa ke aji. Shi ma mai jinya ne, kuma bai kai shekarun da zai san sunan abin da ke damunsa ba.

Wani ɓangare babba na wannan nauyi bai zama dole ba tun farko. Binciken nan na ƙasa ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makantar, da an iya kare ta ko magance ta. Yanar ido kaɗai ita ce sanadin kashi 43, kuma aikinta a hannun ƙwararre yawanci ba ya kai awa guda: a cire abin da ya dushe, a sa na roba, washegari a buɗe ido. Gida nawa ake jagorar tsohuwa shekara biyar saboda ana tsoron "aiki", ko a kai ta wajen masu tura yanar ciki da tsinke, idon ya ƙarasa lalacewa? Hawan jinin ido kuwa, mai kusan kashi 17, abin da ya cinye ba ya dawowa, kuma yana bin jini. Don haka 'yar da ke ɗiga wa mahaifinta magani, ita ma ya kamata a auna nata idon tun da ga ta a asibitin.

In gani ya tafi ba dawowa, tausayin da ke cewa "zauna, Baba, bari a yi maka" yana gurgunta mutum biyu. Makaho zai iya koyon tafiya da farar sanda. In an bar kowane abu a wurinsa, aka ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki, zai kai kansa da dare ba tare da ya tashi kowa ba. Wayoyin zamani suna karanta saƙo da sunan mai kira da murya. Yara makafi suna karatu a makarantar Tudun Maliki. Abdullahi bin Ummi Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha bar masa jagorancin sallah a garin in zai yi tafiya. Duk abin da makaho ya koma yi da kansa, awa ce ta dawo hannun mai kula da shi, shi kuma mutuncinsa ya dawo, faɗan ya ragu.

Dangi kuma su daina cewa "in akwai wani abu a faɗa mana", domin mai kunya ba za ta faɗa ba. A yanka rana: wane zai kai shi asibiti, wance za ta kwana ranar Alhamis, na Abuja ya ɗauki kuɗin magani. In alamun damuwa sun riga sun bayyana, ciwo ne mai magani, ta hanyar zama da ƙwararre ko ƙwayoyin da sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu. Mutane suna gudun sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau don kada a ce sun haukace, amma likitan asibitin unguwa ma zai iya fara dubawa, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai jinyar da aka ji tana cewa gara ma ta mutu ta huta, kada a bar ta ita kaɗai, kuma a kai ta asibiti a ranar.