Yaɗuwar Ƙaramin Zarto Mai Batir a Aikin Share Turbobin Daji a Amurka

A Amurka, inda dogayen turbobin yawon ƙafa irin su Appalachian, mai tsawon kusan kilomita 3,500, suka dogara ga 'yan sa-kai wajen kawar da rassan da iska da ƙanƙara ke karyowa, ƙaramin zarton inji mai aiki da batir yana ta karɓe gurbin zarton fetur. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne faɗuwar farashin batirin lithiyam da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, abin da ya ba kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna da Makita damar ƙera zarto mara nauyi wanda mai matsakaicin hali zai iya saya. Doka ma ta taimaka, domin a 2021 jihar Kalifoniya ta zartar da dokar da ta nufi daina sayar da sababbin ƙananan injunan fetur daga 2024.

Sai dai yanayin aikin kansa ya fi komai tasiri, domin mai share turba yakan yi doguwar tafiya ne kafin ya tarar da reshe ɗaya, ya yanke shi cikin 'yan mintoci, ya wuce. Zarton fetur yana buƙatar a gauraya masa fetur da baƙin mai, galibi kashi 50 da kashi 1, a kuma ja igiya a kowane zango, alhali na batir da taɓa maɓalli yake tashi, ba hayaƙi, ƙararsa kuma ba ta kai ta ɗan'uwansa ba. Wannan sauƙi ya buɗe wa dattawa da sababbin shiga ƙofar aikin.

Iyakar wannan zarto tana cikin batirinsa, shi ya sa masana suke auna shi da wat-awa, wato adadin lantarkin da batir ke ajiyewa, wanda ake samu ta ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 5 yana ɗauke da wat-awa 180. Sanyi yana rage wannan ajiya, dakusassun haƙoran sarƙa kuma suna shanye ta da wuri, saboda haka batir na biyu da mawashi da man shafe sarƙa ba sa rabuwa da jakar mai aikin. Takobin zarto, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, mai tsawon santimita 25 zuwa 35 ya wadatar ga rassa, amma ba ya iya babban kututture.

Abin damuwa shi ne, rashin ƙara yana sa sabon shiga ya raina haɗari, alhali sarƙar ba ta bambanta tsoka da itace. Idan tsinin takobin ya taɓa reshe, zarton yakan zabura zuwa fuskar mai riƙe da shi, haka kuma reshen da ya lanƙwashe ƙarƙashin nauyi yakan fizgo da ƙarfi da zarar an datse shi. Hukumar Gandun Dajin Amurka, a tsarinta na 2016, ta wajabta wa 'yan sa-kai horo da takardar shaida, dokar kare dazuzzuka ta 1964 kuwa ta haramta kayan inji a keɓaɓɓun yankuna, inda har yau zarton hannu ake ja. Saboda haka zaɓi nagari yana farawa ne daga sanin dokar wurin da kaurin rassansa da nisan tafiyarsa, kuma ƙungiyar da ta sayi zarto ba ta horar da mai riƙe shi ba, rabin aiki kawai ta yi.