Yadda Kasuwar New York Ke Taɓa Ramukan Zinare a Birnin Gwari

Matashin da ke fasa dutse a ramukan zinare na Birnin Gwari bai mallaki hannun jari ko ɗaya ba, amma kuɗin da dillali zai miƙa masa a kan kowane giram yana tafiya ne da abin da ya faru a kasuwannin New York da Landan cikin watan.

Abubuwa uku ne ke juya wannan farashi, kuma tsoro ne kan gaba. Idan hannayen jari suka fara zubewa, masu kuɗi kan nemi mafaka a zinare. Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya zubar da kusan kashi 34 cikin ɗari na darajarsa. Kafin watan Agusta ya ƙare, oza ɗaya ta zinare, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, ta haye dala 2,000 a karon farko. Haka aka sake gani a Afrilun 2025, bayan Shugaba Trump ya lafta wa ƙasashe harajin shigo da kaya: kasuwanni suka rikice, zinare ya taɓa dala 3,500.

Sai kuɗin ruwa. Zinare ba ya haihuwa, don haka idan Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, masu jari kan koma ga takardun lamunin gwamnati. A 2022 bankin ya ɗaga shi daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4, sai hannayen jari da zinare suka sauko tare tsawon watanni.

Na uku kuwa a gida yake. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,400 a farkon 2024. Ko da farashin duniya bai motsa ba, giram ɗin Birnin Gwari ya ninka a lissafin naira.

Sai dai wannan garaɓasa ba ta isa hannun mai haƙa a cike. Dillalai na cire nasu kafin kayan su kama hanyar Dubai, galibi ta ɓarauniyar hanya. Tsadar kuma kan jawo 'yan bindigar da suka daɗe a dajin Kamuku, masu karɓar kaso a bakin rami. Irin wannan alaƙa ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara mai maƙwabtaka a Afrilun 2019, haramcin da ba a ɗage ba sai a Disamban 2024.