Me ya sa ake ɗauke gorila daga wannan gidan zu a kai shi wancan?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda suka ce data ba ta barinsu su saurara.

Na san da na ambaci goggon biri wasunku za su fara dariya, don za su tuna watan Yunin 2019, lokacin da labari ya karaɗe gari cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce ai gidan ma babu irin wannan birin kwata-kwata. To yau kan wannan dabba da aka yi wa ƙazafi za mu yi magana. Amma bari in gyara suna tukuna. Mu duk ƙaton biri goggon biri muke ce masa, har da 'yan ƙwacen nan na Yankari masu fizge wa baƙi abinci. Wanda nake nufi daban ne: baƙin nan mai faɗin ƙirji, wanda namijinsa kan haura kilo 150, in ya girma bayansa ya yi furfura. Zan riƙa ce masa gorila.

Bari in fara da labarin Timmy, don shi ya jawo ni cikin maganar nan.

Timmy a dajin Kamaru aka kamo shi yana ƙarami, ya yi shekara 25 a gidan zu na Cleveland a Amurka. Duk tsawon lokacin nan bai haihu ba, ko kula mata ba ya yi. Sai aka haɗa shi da wata mai suna Katie, kawai abin ya zo daidai. Tare suke wasa, tare suke kwana. Matsalar ɗaya ce, Katie ba ta haihuwa. A 1991 masu kula da tsarin haihuwar gorila a Amurka suka ce a ɗauke Timmy a kai shi gidan zu na Bronx a New York, inda akwai mata masu haihuwa. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Aka yi zanga-zanga, masu kare haƙƙin dabbobi suka ɗauki lauya, magana ta je har kotun tarayya, wai za a raba masoya. Alƙaliya ta kori ƙarar, aka sa Timmy a mota aka tafi da shi. A Bronx ya haifi 'ya'ya 13.

To me ya sa aka nace sai Timmy? Maza sun ƙare ne? Ko alama. Amsar tana cikin yadda gorila ya fara shiga gidan zu tun farko.

A da, in gidan zu na son gorila, mafarauta ake biya. Babban gorila ba ya kamuwa da sauƙi, don haka jariri ake nema, kuma uwa ba ta sakin ɗanta sai ta mutu, shi ma mai furfurar bayan ba ya tsayawa kallo. Wato duk jaririn da ya isa Turai ko Amurka, akwai gawarwaki da aka baro a daji. Waɗanda suka isa ɗin ma da yawa ba sa daɗewa. Sai ranar 22 ga Disamban 1956 aka fara haihuwar gorila a hannun ɗan Adam, a Columbus ta jihar Ohio, aka sa mata suna Colo. Ita ma da ƙyar ta sha: wani ɗalibin likitancin dabbobi ne ya tsince ta a ƙasa, ya hura mata iska baki da baki har ta yi numfashi. Ta rayu shekara 60, ta mutu a Janairun 2017. A Turai kuwa sai 1959, a Basel ta Suwizalan.

A 1975 yarjejeniyar CITES ta fara aiki, wadda ta hana cinikin irin waɗannan dabbobi tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo su. Ƙofa ta rufe ke nan. Duk gorilan da za a gani a gidajen zu daga nan gaba, dole ya fito daga tsatson waɗanda suka riga suka shigo.

A nan ne duk wanda ya taɓa kiwo zai gane zancen. In kana da garke ƙarami, rago ɗaya na ta barbarar 'ya'yansa da jikokinsa, ba a jimawa za ka fara ganin 'ya'ya marasa ƙwari, ga yawan ɓari, ga cuta. Shi ya sa mai kiwo ke aro ko sauya rago. Galibi gidan zu ɗaya bai fi ya riƙe gorila biyar ko goma ba, in ya ce zai tsaya shi kaɗai, cikin zuri'a biyu kowa ɗan uwan kowa ne. Sai suka ce to a ɗauki duk gorilan da ke gidajen zu na nahiya guda a matsayin garke ɗaya. Amurka ta kafa tsarinta a 1981, Turai ta bi a 1985. Na Amurka yana da gorila wajen 350, na Turai sama da 450.

Akwai kundin asali na duniya, wanda gidan zu na Frankfurt a Jamus ya fara riƙewa tun 1967. Kowane gorila yana da lamba, da sunan uwa da uba, da ranar haihuwa, da duk inda aka taɓa kai shi. Daga wannan kundin ake lissafa wa kowa wani maki da ke nuna yawan danginsa a cikin garken gaba ɗaya. In 'yan uwanka sun cika ko'ina, to ba a matsu da haihuwarka ba. In kai kaɗai ne a zuri'arku, kai ne ɗan gata. Burin da suka saba ɗorawa shi ne a riƙe kashi 90 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado har tsawon shekara 100. Kun ga matsayin Timmy yanzu. Haifaffen daji ne, ba shi da ɗa ko ɗaya, da ya mutu a haka, abin da ya zo da shi daga Kamaru ya tafi ke nan har abada.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, a cikin wannan tsarin ba sayar da gorila ake yi ba. Aro ne ko kyauta, kwamiti ne ke ba da shawarar wa zai koma ina. Kuma ba kowace mace ake bari ta haihu ba. Wadda ba a buƙatar 'ya'yanta yanzu, ƙwayar tazarar haihuwa ake ba ta, irin dai ta mutane, a cusa mata a abinci. Ko gwajin cikin ma da irin tsinken da mata ke saya a kemis ake yi musu.

Masu wannan aiki suna da wata hujja kuma, wadda ni ma na ga tana da ƙarfi. A daji ma gorila ba ya mutuwa a gidan ubansa. Mace in ta kai wajen shekara 8 takan bar garkensu ta koma wajen wani namiji. Shi ma saurayi yakan fita ya yi yawo shi kaɗai har ya tara nasa matan. A gidan zu katanga ta hana wannan, sai mota da jirgi suka maye gurbin ƙafa. Bambancin dai, a daji ita ke zaɓa. A nan kwamfuta ce da kwamiti.

Tafiyar kanta ba wasa ba ce. Ciwon zuciya shi ne kan gaba wajen kashe manyan mazan gorila a gidajen zu, don haka allurar barci tana da haɗari. Shi ya sa ake ɗaukar makonni ana koya masa shiga akwatin tafiya da ƙafarsa, ana ba shi abin daɗi a ciki. Sau da yawa mai kula da shi yakan raka shi ya yi kwanaki a can. In an isa sai killacewa saboda cuta, sannan gabatarwa a hankali: su ji warin juna, su ga juna ta raga, sai a buɗe ƙofa. Kuma ba a kawo sabon namiji cikin matan da ke goyo, don a ɗabi'arsu yakan kashe jaririn da ba nasa ba, saboda uwar ta dawo haihuwa da wuri. Mace ɗaya cikinta wata 8 da rabi ne, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma wajen shekara 4, ka ga asarar jariri ɗaya ba ƙarama ba ce.

Harambe da kuka sani a intanet ma ta wannan hanya ya je Cincinnati. A Texas aka haife shi a 1999, aka kai shi can a 2014 don wata rana ya zama uban garke. Ranar 28 ga Mayun 2016 aka harbe shi bayan wani yaro ya faɗa wajensa, kwana ɗaya da cikarsa shekara 17, bai kai ga haihuwa ba.

Yanzu ga inda tsarin ya fi ba su ciwon kai, kuma ba su cika son a yi maganarsa ba. Haihuwa kusan raba daidai take, rabi maza rabi mata. Amma garken gorila namiji ɗaya ne da mata uku ko huɗu. To sauran mazan fa? Da saurayi ya fara ƙarfi ubansa ba zai jure shi ba. Abin da aka fi yi shi ne a haɗa garken tuzurai, maza zalla, irin wanda ke Loro Parque a tsibirin Tenerife. Wasu su zauna lafiya, wasu da furfura ta fito sai faɗa. A Turai akwai waɗanda ake yi wa fiɗiya tun suna ƙanana don su ci gaba da zama cikin dangi. A ƙarshen 2021 jaridar Guardian ta fallasa wata takardar cikin gida ta ƙungiyar gidajen zu na Turai, inda aka tattauna har da yiwuwar kashe mazan da suka yi rara. Aka yi musu ca, suka ce ba su da shirin yin hakan. Amma ka ji dai, dabbar da aka ce tana gab da ƙarewa, ga shi ana rasa inda za a ajiye ta.

Nan ne nake da ja da su. In ka ji tallan gidan zu, cewa suke muna ceto gorila daga ɓacewa. To wane gorilan? Kusan duk wanda ke gidan zu a duniya iri ɗaya ne, na kurmin Kamaru da Gabon da Kwango da maƙwabtansu. Tabbas yana cikin haɗari, farauta da Ebola da saran daji suna cinye shi, amma shi ne mafi yawa: wani babban bincike na 2018 ya ƙiyasta su wajen 360,000. Gorilan tsauni na Ruwanda da Yuganda da Kwango Kinshasa, ko ɗaya babu a gidan zu. A tsaunukan Virunga sun taɓa sauka zuwa wajen 250 a farkon shekarun 1980, yanzu jimillarsu ta haura 1,000. Abin da ya ɗaga su masu gadin daji ne, da likitocin da ke bin su har cikin kurmi, da kuɗin masu yawon buɗe ido. A gandun Virunga kaɗai an kashe masu gadi sama da 200. Sannan ga namu na Najeriya, gorilan Kuros Riba, a tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo zuwa tsallaken Kamaru. Ba su wuce 300 ba, su ne mafi ƙaranci a duniya, kuma babu wani shirin haihuwarsu a keji.

Mayar da na keji daji fa? An gwada. Gidauniyar Aspinall ta Ingila ta kai wasu Gabon da Kwango, wasu sun rayu har sun haihu a can. Amma iyalin wani namiji mai suna Djala da aka kai Gabon a 2013, shekara na zagayowa da yawa daga cikinsu suka mutu. Ni dai a ganina, garken gidan zu ajiya ce ta ko-ta-kwana, kuma yana tara kuɗi da jan hankalin mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai yadda ake kururuta shi ba.

Akwai amfani ɗaya na wancan kundin asali da ya shafe mu kai tsaye. Tunda doka ta fi sassauci ga dabbar da aka haifa a keji, takardar da masu fasa-ƙwauri suka fi so su ƙirƙira ita ce mai cewa "haifaffen gidan zu ne". A Janairun 2002 ƙananan gorila huɗu suka sauka a gidan zu na Taiping a Maleshiya daga Najeriya, takardunsu na cewa a gidan zu na Jami'ar Ibadan aka haife su. Da masu bincike suka duba, sai aka ga gorila ɗaya tal ke Ibadan, tsohuwar mace, babu namiji. Maleshiya ta ƙwace su, a 2004 aka kai su Pretoria, Kamaru ta ce nata ne. Sai ƙarshen Nuwamban 2007 suka isa cibiyar kula da namun daji ta Limbe.

Kada ku ce tsohon labari ne. A Disamban 2024, a filin jirgin Istanbul, aka buɗe wani akwatin katako cikin kayan da suka taso daga Najeriya za su Tailan, aka tarar da jaririn gorila ɗan wata biyar. Turkawa suka sa masa suna Zeytin, wato zaitun. Gwajin ƙwayoyin gado ya nuna ba ɗan dajin Najeriya ba ne, irin na kurmin maƙwabtanmu ne, ta nan kawai aka bi da shi. A kan haka hukumomin Turkiyya suka ce ba za su mayar da shi Najeriya ba.

Wanda ya taɓa ganin gorila ido da ido, ya gaya mana a ina ne a ƙasan rubutun nan. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.